Ranar da Na Ari Ƙarar Mota

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na yi wa mahaifina aron ƙarar mota. Wasu riga suke ara, ni ƙara na ara.

Baba tsohon direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature likitan dabbobi, daga Dakoro zuwa rugage har Tagriss. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ƴar motarsa ta yawo, ja, mai kujera biyu, marar rufi. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, ta mutu a gindin katangar gidanmu, kaji suka gaje ta. Daga baya cutar yanar ido ta rufe idanun Baba, ya koma ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa.

Ni kuwa babur nake gyarawa a bakin tasha. Wata rana muna shan shayi bakina ya ja ni, na ce, "Baba, zan tayar muku da ita." Ya ce, "In ka tayar ka kira ni. Muryarta kaɗai nake marmari. In kuma ka maƙale ka tambaye ni." Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, wanda ba ya gani ne zai nuna mini? (Allah Ya yafe mini.)

Na sauke injin da igiya a reshen itacen bedi. Na wanke fistan da kananzir a tsohuwar tasar Inna (har yau ba ta huce ba). Abin da ya ruɓe na sa aka nemo mini a Maraɗi, abin da ban gane ba na duba bidiyo a waya. Na haɗa, na shafa wa motar sabon fenti, tana ƙyalli kamar amarya. Na murɗa makulli: kir-kir-kir, shiru. Sati biyu ina kir-kir-kir, kuma girman kai ya hana ni taka ƙafa goma zuwa tabarmar Baba.

Ana haka aka ba shi ranar aikin ido a Maraɗi, Asabar. Tsoro ya kama tsohon, ko da yake bai furta ba. Ran Alhamis ya ce, "Ban san yadda za a ƙare can ba. Da dai na ji ta kafin in tafi." Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ta kusa, Baba. Gobe bayan la'asar."

Na garzaya wurin Sale, abokina mai motar haya da ke jigila tsakanin Dakoro da Sabon Maci. Na roƙe shi ya ajiye motarsa a bayan katanga, daidai saitin tamu. In ya ji na ɗaga murya na ce bisimilla, ya tayar. Sale ya ce, "Kai, wannan ba hali ba ne." Amma ya zo.

Juma'a bayan la'asar Baba ya sa farar rigarsa, har da turare. Na zaunar da shi kusa da motar. Inna da matata na bakin madafa suna harara ta, don na riga na roƙe su su kama bakinsu. Na shiga, na yi gyaran murya: "Bisimilla!" Daga bayan katanga inji ya ɗauka, vuuum. Har da riƙe sitiyari ina jijjiga jiki, ban san don wa ba.

Baba ya karkata kai, ya saurara. Can ya ɗaga murya:

"Sale! Ya hanyar Sabon Maci?"

Na saki sitiyarin. Sale kuwa, ɗan halak, tarbiyya ta hana shi yin shiru. Daga bayan katanga muka ji, "Lafiya lau, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya. Ka ɗaure bel ɗin injin nan naka, kullum da safe kukansa ke tashe ni."

Matata ta shige madafa da gudu tana toshe baki. Ni da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na sauko na durƙusa, na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ta ƙi tashi, na ji kunyar faɗa muku."

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Cewa ya yi, "Kama hannuna." Na kai shi gaban injin. Ya bi wayoyin buji, wato fulogi, da yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. "Wa ya jera waɗannan?" Na ce ni ne: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Ƴan lakwal ne da za su bi layi? Ɗaya, uku, huɗu, biyu. Mai babur, buji ɗaya ka sani a duniya!"

Na sauya wayoyi uku kacal. Na murɗa. Ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sai ta kama wani gurnani mai kauri da na rabu da ji tun ina yaro. Baba ya ɗora tafinsa a jikinta. Sannan ya ce, "Ita ce."

Washegari Sale ya kai mu Maraɗi, ya kuma ɗaure bel ɗinsa. An yi aiki, ido ɗaya ya buɗe, ana sa ran ɗayan ma. Na koyi cewa tambaya ta fi ƙarya sauƙi, don ita ba ta buƙatar mota ta biyu. Ranar da muka dawo gida Baba ya tsaya ya ƙare wa motar kallo, ya ce, "Wannan jan tumatirin fa? Ba haka launinta yake ba." Yanzu haka kankare fenti nake yi, kuma kafin in sayi gwangwani ko ɗaya sai na kai masa ya gani.