Injiniya da Facin A-kori-kurar Surukinsa

A cikin surukan Baba Kafinta babu kamar Injiniya, kuma shi da kansa ne ya fara gano haka. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin abu tun kafin ya koye shi. Aikinsa na kullum tsaron sito ne a wani kamfanin sayar da tayal, amma wannan, in ji shi, na rufin asiri ne kawai. Ainihin sana'arsa ilimin fenti. Ya yi kwas na kwana huɗu a ɗakin taron wani otal, aka ba shi takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe. Ya sa ta a firem, ya rataye a falo daidai inda hoton aurensa yake a da. Hoton ya koma bayan ƙofa. Tun daga ranar ya daina cewa wankin mota. Wanki na masu bokiti ne. Shi abin da yake yi sunansa ceton fenti.

Kowa Injiniya yake ce masa. Maƙwabta suna faɗa don a zauna lafiya. Matarsa Auta tana faɗa don ta lura kalma ɗaya ta fi laccar awa guda sauƙi. Mutum ɗaya ne ya ƙi, shi ne mahaifinta. Shekara tara da aure, Baba Kafinta bai taɓa kiransa da komai ba sai "mijin Auta". Abin da ya fi ciwo, mijin babbar 'yarsa, wani tela mai sanyin magana da ke yawo da tef a wuya, shi "ɗana" ake ce masa. Injiniya bai nemi dukiyar tsohon ba, bai nemi gidansa ba. Abu ɗaya yake so a duniya: Baba ya buɗe baki a gaban 'ya'ya da jikoki ya ce "Injiniya". Sau ɗaya ma ya isa.

Dama ta zo lokacin da aka yi wa Baba aiki a gwiwa, likita ya ce sai ya yi mako uku bai taka kuloci ba. A-kori-kurarsa ta zauna a ƙofar shago tana shan rana. Tsohuwar mota ce shuɗiya, ko kuma a ce ta taɓa zama shuɗiya. Shekara ashirin tana ɗaukar katako, ƙofofi da gadaje, har garin katako ya shiga duk wata kafa da ke jikinta. Injiniya ya dube ta, ya ga lambar girmansa a ajiye ƙarƙashin datti. Ya sanar da dangi cewa kyautarsa ta murnar samun sauƙi ita ce zai mayar da motar kamar ranar da ta fito daga kamfani.

Ba baƙuwarsa ba ce. Sau ɗaya ya taɓa tuƙa ta, ranar da suka ƙaura zuwa gidansu, ya aro ta don kwasar kaya. Har yau yana ba da labarin yadda ya shigar da ita da baya ta ƙuntatacciyar ƙofar gidan, hannu ɗaya a sitiyari. A ranar ya mayar da ita shago, ya jingina ta da bango sosai ta gefen dama, ya miƙa makulli ya tafi da sauri. Akwai wata 'yar ƙara da ya ji a lokacin shiga, amma shekaru sun yi masa alheri, sun goge ta daga labarin.

Wannan karon Injiniya ya sa Tela ya kawo motar.

"Hannun mai ceton fenti ba ya taɓa sitiyari kafin aiki," ya yi bayani. "Jijiyoyi suna buƙatar natsuwa."

Tela ya shigo da ita tsakar gida lafiya, ya wuce tsakanin ginshiƙan ƙofar nan biyu masu koren fenti. Koren nan ma abin alfahari ne. Injiniya da kansa ya haɗa shi tun kafin su tare, yana kuma cewa babu mai irinsa a duk unguwar. Gaskiya ne. Babu wanda ya nema.

Aiki ya fara da shiga. Farar riga irin ta likita, safar hannu, tabarau, da tocila ɗaure a goshi da tsakar rana. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, kuma duk wanda ya haɗa su ya yi laifin da ba a yafewa. Ya liƙe robobin gilashi da salatif, ya jera kwalaben man goge daga mai kaushi zuwa mai laushi. Auta ta kawo masa ruwan sha, ya tsayar da ita da hannu.

"Tsaya nan. Ƙurar takalminki kaɗai za ta iya mayar da ni baya kwana biyu. Mutane suna ganin fenti launi ne. Fenti fata ce. Yana numfashi, yana jin zafi, yana da tarihi. Ni karanta shi nake yi."

"To, in ka gama karatun, ruwan yana kan dakali," in ji ta.

A nan dole a yi masa adalci. Mutumin ya yi aiki. Daga ƙarƙashin kujera ya fitar da fensir goma sha ɗaya, ƙusoshi cike da gwangwani, da wani tabarau da Baba ya shekara uku yana zargin jikoki da ɓatar da shi. Ya bi murfin injin da na'urar gogewa a hankali, layi bayan layi, har shuɗin ya farka. A rana ta shida tattabaru suka fara faɗa da inuwarsu a jikin ƙofa.

Sai ya iso gefen dama na baya. A nan akwai wani faci mai faɗin faranti, shuɗinsa ya ɗan bambanta, ga sawun buroshi a kwance kamar an share shi da tsintsiya. Injiniya ya ɗora 'yar na'urarsa ta auna kaurin fenti. Ko'ina a jikin motar lambar ƙarama ce. A nan ta haura har na'urar ta yi ƙara. A rana ta uku ta kwas an gaya musu abin da irin wannan lamba take nufi: ba fenti ba ne a wurin, cikon da ake toshe lotsewa da shi ne, a bi shi a hankali ko a bar shi. Sai dai a rana ta uku Injiniya ya fita ɗaukar hoto da malamin. Don haka ya fassara lambar da iliminsa na haihuwa: fenti ya yi yawa a nan, akwai abin ci, a danna inji.

Bai taɓa wurin ba. Dabara ta zo masa. Me zai sa ya gyara abin da ba wanda ya ga lalacewarsa? Zai bar shi har ranar biki, ya yi aikin a gaban idon Baba.

Auta ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallon facin.

"Abban yara, wajen nan ka ƙyale shi."

"Ke da ba ki san bambancin sheƙi da maiƙo ba?"

"Na dai gaya maka."

Ta juya ta tafi lissafa kujerun da za a jera, ta kuma tabbatar kowace tana kallon gefen dama.

Ranar ta zo. Bayan azahar dangi suka cika tsakar gida. Aka zaunar da Baba Kafinta a kujera mai hannu, sandarsa a gefe, matarsa Mama kusa da shi. Tela ya miƙa tasa kyautar, matashin kujerar direba da ya ɗinka don gwiwar ta huta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Baba.

Injiniya ya yi murmushin wanda ya san gobe. Ya ja tamfol ɗin da ya rufe motar da shi.

Motar tana walƙiya har sai an kare ido. Baba ya dogara sanda ya tashi, ya je ya leƙa murfin injin, ya ga furfurarsa a ciki gashi-gashi. Ya shafa da bayan hannu. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kai," ya ce a hankali. "Haka take ranar da na sayo ta. Wallahi haka take."

Ya juyo, bakinsa a buɗe, yana neman kalmar da ta dace da mai wannan aiki. Da Injiniya ya yi shiru na numfashi uku, da wataƙila wannan labari ya ƙare daban. Amma shiru ba ya cikin abin da aka koyar a kwas.

"Baba, tukuna! Ba ku ga komai ba. Jama'a, ku matso." Ya kunna tocilar goshi ya haska facin. "Wannan shi ne abin da muke kira ta'addanci a kan fenti. Mutum biyu ne suka haɗu suka zalunci motar nan. Na farko wanda ya buge ta. Ko waye shi, bai cancanci tura baro ba, balle sitiyari. Irinsu ne ke bugewa su lallaɓa su gudu. Na biyu wanda ya shafa wannan abu. Buroshin fentin ɗaki ya sa! In da doka, a ɗaure hannunsa. Yanzu ku ga yadda ilimi ke gyara ɓarnar jahilci."

Mama ta dubi Baba. Baba ya koma ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda.

Injin gogewa ya tashi. Injiniya ya danna da dukan nauyinsa. Shuɗi ya tafi, toka-toka ya fito. Ya ce wannan alamar ci gaba ce. Ya ƙara wuta. Wurin ya yi zafi, wani farin gari ya fara tashi yana sauka a kan farar rigar. Sai aka ji ƙas. Cikon ya tsage, ya ɓalle gaba ɗaya, ya faɗi ƙasa ya rabu uku.

A ƙarƙashinsa ga lotsewa doguwa a tsaye, kamar an manna motar da kusurwar gini. A cikin lotsewar, lafiya lau bayan shekara tara a rufe, ga kore. Irin koren da babu mai shi a duk unguwar.

Idanu suka tashi daga motar, suka tafi ƙofar gida, suka dawo. Tela mutum ne da ba ya yarda da ido sai ya auna. Ya zare tef daga wuya, ya durƙusa ya gwada daga ƙasa zuwa lotsewar. Ya taka zuwa ginshiƙin dama, inda wani tsohon guntu ya ɓalle daga kusurwa, ya gwada.

"Inci talatin da ɗaya," ya ce. "Nan ma talatin da ɗaya. Ko ni na yanka, iyakar dacewar ke nan."

Injin yana ta juyawa a hannun Injiniya. Auta ta zo ta zare wayar daga bango.

Baba ya gyara murya.

"Mai buroshin ni ne," ya ce. "A ɗaure hannuna, na yarda, ni kafinta ne. Da na janye ta daga bango a ranar, na ga koren, na san gidan da ta kwaso shi. Na ce yaro sabon aure ne, kunya ta hana shi faɗa. Na cike wurin, na shafa sau uku don kada 'yata ta gani. Ashe ta riga ta gani. Shekara tara ina rufa wa mutumin nan asiri, yau an tara min jama'a an tona shi da inji."

Ya miƙe, ya sake shafa murfin da ke sheƙi, ya jinjina kai. Sannan ya dubi surukinsa, tocila na ci a goshinsa, farin gari har gira. A karon farko tun da aka ɗaura aure, ya ba shi suna nasa na kansa, a gaban 'ya'ya da jikoki.

"Sannu da aiki, Direba."