Ranar da Sirajo Ya Saukar da Dusar Ƙanƙara a Cheras

"Ni fa ƙanƙara ƙanwata ce! Shekara uku na yi a Rasha, da ido nake gane macenta da namijinta."

Haka Sirajo ke cika baki a shagon mamak, wurin shan shayin unguwar Cheras, yana kaɗa makullin motar da ba shi da ita. Abokina, in ba ka san shi ba, dillali ne mai nemo wa ɗalibai ɗaki. Rashar kuwa, na manta ko jirginsu ne ya tsaya shan mai a can, ko a taswira ya gan ta. Tsufa ya fara yi mini sata.

To, 'yar kawunsa Mubina tana ajin ƙarshe. An ba ta na'urori biyu ta gwada wadda ta fi iya awon dusar ƙanƙara tana zubowa: ɗaya da hasken leza take auna girma, ɗayar kyamara ce mai ɗaukar siffa. Sai ɗakin sanyin kwalejin ya lalace, ga malamarta na jiran sakamako ranar Alhamis. In babu, sai maimaita zango.

"Yaya, ina zan samo ƙanƙara mai zubowa a garin nan mai zafi?"

"Kina da ni kina kuka? Boleh lah, ai zai yiwu! Kawo su gidana."

Sirajo Sarkin Sanyi ya garzaya wurin mai ais kacang, gogaggiyar ƙanƙarar nan da ake sha da cokali, ya ce a yi masa tapau, wato a ƙunsa masa ya tafi da ita, roba goma. Bai ce a bar ta zalla ba. Mutumin ya yi yadda ya saba: jan wake, masara, madara, jan sirof, ya rufe.

Da tsakar rana Mubina ta girke na'urorin a ƙasa, Sirajo ya haye hawa na huɗu ya sheƙo roba uku. Kafin su iso ƙasa sun zama ruwa, suka sauka kan shanyar maƙwabta.

"Yaya, leza ta ce ruwan sama ne!"

"Ba ta waye ba. Bari in sauko."

Ya hau kujera da rariya. Rariya ta toshe da madara. Ya jefar, ya koma watsawa da cokali, yana leƙa na'urorin yana gyaɗa kai kamar likita.

Ranar Alhamis ya sako kwat ya bi Mubina aji, wai shi ne mashawarci. Malama ta haska sakamakon a bango. Leza ta ce ƙwaya ɗari biyu, duk ƙanƙara. Kyamara ta nuna wake, masara, wake, wake, tururuwa.

Mubina ta sunkuyar da kai. Malama ta dara har da share ido.

"Ai kin gama aiki. Ɗaya ƙirga kawai ta iya, ɗayar tana gani. Kin haye."

Gogan naka ya miƙe yana gyara wuyan kwat. "Dama haka na tsara, Dakta."

"Zauna tukuna. Leza ta auna wata ƙwaya mai tsawon santimita tara. Ban taɓa jin irinta ba."

Ta danna hoton da kyamara ta ɗauka a lokacin. Sai ga harshe, jajir, ya cika bangon, yana lasar sirof a gilashin na'ura.

Aji ya waiwayo gaba ɗaya. Sirajo ya damƙe leɓe.

"Haba Yaya," in ji Mubina, "buɗe mana, a tabbatar da awon."