Hular Dakta Maikano

Lokacin da muke jami'a, malamin da aka ɗora wa ba ajinmu shawara kan kwasa-kwasan da za mu ɗauka shi ne wani Dakta Maikano. Bai taɓa koyar da mu ba, suna kawai muka sani. A ƙofar ofishinsa akwai takarda a manne: ganin ɗalibai Talata da Alhamis, goma zuwa sha biyu. Takardar har ta yi ja don tsufa, amma ban san ɗalibin da ya taɓa cin moriyarta ba. Kullum ka je ƙofa a buɗe, fanka na juyawa, hula zanna-bukar ta hakimce a kan tebur kusa da tabarau. In ka tambayi malamin ofishin kusa sai ya ce, "Ai bai yi nisa ba, ga hularsa can." Dakta kuwa yana gonarsa ta kaji a bayan gari. Da sassafe yake zuwa ya ajiye hula, ya kunna fanka, ya sulale. Abokan aikinsa ba sa tona shi, don duk Juma'a yana bin ofis-ofis da kiret ɗin ƙwai.

Fom ɗin rajista kuwa, kwali ya ajiye a bakin ƙofa. Ka jefa naka, bayan mako ka dawo ka tarar an sa hannu. Ko sunan akuyarku ka rubuta a gurbin kwas, hannu zai hau.

Mu duk mun haƙura da neman shawara, ban da Zuwaira. Ita irin mutanen nan ce masu gaskata abin da aka rubuta a takarda. Duk Talata sai ta je ta zauna a bencin ƙofar ta yi awa biyu cur, har muka riƙa tambayarta ko hula ta amsa gaisuwa yau.

Ita ɗin ce kuma abin ya faɗa wa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Muna zangon ƙarshe jami'in jarrabawa ya gano akwai kwas na dole tun na aji biyu da ba ta yi ba. A fom ɗinta ta ɗauki wani na zaɓi a madadinsa, aka kuma sa mata hannu. Ke nan mu mu tafi bautar ƙasa, ita ta maimaita shekara guda saboda kwas ɗaya. Mafita ɗaya ce: shugabar sashe tana iya barinta ta haɗa shi da na bana, in ya tabbata ba sakacinta ba ne.

Shugabar, Farfesa Asabe, ta sa aka nemo Dakta a waya. Ya iso yana haki, kai ba hula, takalminsa da ɓurɓushin dusa. Ta miƙa masa fom ɗin, Zuwaira na tsaye a gefe.

Ya duba sama-sama ya yi tsaki. "Wane ne ya sa hannu a wannan shirmen?"

Farfesa ta ce, "Dakta Maikano, juya bayan takardar."

Ya juya, ya ga hannunsa ɓaro-ɓaro har da kwanan wata. Ya yi gyaran murya, ya ajiye takardar a hankali kamar mai zafi.

"Ranki ya daɗe, matsalar yaran yanzu ke nan, ba sa neman shawara. Su cike abin da suka ga dama su jefa a kwali. Shekara huɗu, ko sau ɗaya ban taɓa ganin yarinyar nan a ofishina ba."

Farfesa ta dubi Zuwaira. "Kin ji abin da ya ce. Kina da shaidar kin taɓa zuwa?"

Zuwaira ta ƙare wa Dakta kallo tun daga kai har takalmi, sannan ta ce, "Ina da ita, ranki ya daɗe. A aika a ɗauko hularsa daga kan tebur a tambaye ta, ni da ita muka yi shekara huɗun nan. Wannan bawan Allah kuwa, wallahi har kika kira sunansa na ɗauka mai kawo muku ƙwai ne."