Jallabiyar Kabtin Dragan

Ba zan taɓa mantawa da bikin Abdurrahman ɗan yayata ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Sharafiyya ba za su bar ni ba.

Ni tela ne. A Jidda aka haife ni, a nan na gaji keken ɗinki, sai Allah ya jarrabce ni da ciwon alfahari da idona. Mutum zai shigo shago, in dube shi daga sama zuwa ƙasa, in ce ya dawo ranar Alhamis. Tef ɗin awo yana wuyana, amma ado ne kawai. (Sau da yawa ina dacewa. Waɗanda ban dace da su ba kuwa ba sa dawowa, shi ya sa ban taɓa jin ƙorafi ba.)

Abdurrahman ɗan ƙwallon kwando ne a wani kulob a nan Jidda. Babban manajan kulob ɗin Bature ne ɗan ƙasar Sabiya, suna ce masa Kabtin Dragan. Yaron nan ba shi da hira sai tasa: yadda ya taso a wani ƙaramin gari mai sanyi, ya yi wasa a gida, ya yi a Sifen da Girka da Turkiyya, har gwiwa ta ce ta gaji, ya tuɓe rigar wasa ya sa kwat ya koma ofis. Lokacin da Abdurrahman ya karye a ƙafa, kowa ya ce nasa ya ƙare, mutumin nan ne ya hana a sallame shi, don ya san zafin abin a jikinsa.

Da biki ya matso sai yaron ya zo ya same ni.

"Kawu, Kabtin zai zo bikina, kuma bai taɓa sa jallabiya ba. Ina so ka ɗinka masa wadda babu irinta, kyauta daga gare ni. Wallah ya Kawu, ba ni da wani abin da zan saka masa da shi. Kar ka ba ni kunya."

Na ce wa ya taɓa jin na ba wani kunya?

Washegari ya kawo shi. Wanda ya san titinmu ya san babu wurin ajiye ko keke, don haka suka tsaya a tsakiyar hanya, na baya suna ta danna hon. Na fita na leƙa ta tagar motar. Ga mutum zaune cikin wata ƙatuwar mota, gemu ya cika masa ƙirji, yana ta murmushi. Ya kama ƙofa zai fito, na tura ta na rufe.

"Halas, shi ke nan, Kabtin, yi zamanka. Na gani."

Abdurrahman ya ce, "Kawu, ya fi ni tsawo fa. Sosai."

Na ce masa tun kafin a haife shi nake wannan aikin. Na koma shago na ɗauki tsawon Abdurrahman da ke kaina, na ƙara taƙi ɗaya, har ina yaba wa kaina da karamci. Abin da ban sani ba shi ne, Abdurrahman da muke kira dogo a gida shi ne gajeren kulob ɗinsu, kuma kujerar motar nan an tura ta baya har ƙarshe.

Na sayo yadi mai kyau, na ɗinka, na goge. Kuma kamar kowane tela na gari, ban gama ba sai ranar bikin da la'asar. Aka kai masa a leda, babu gwaji.

Ina zaune a zauren biki ɓangaren maza, ina kurɓar gahawa, ina gaya wa na kusa da ni cewa su jira su ga aiki, sai na ji hayaniya ta lafa. Wani abu ya sunkuyo ta ƙofa, sannan ya miƙe. Ya yi ta miƙewa. Ni dai ban taɓa ganin mutum ya ɗauki lokaci haka kafin ya gama tsayuwa ba.

Jallabiyata ta tsaya kaɗan a ƙasan gwiwarsa. Hannuwanta sun yi iya ƙoƙarinsu, suka haƙura a gwiwar hannu. Ya yafa jan ƙyallen nan na kai, amma baƙar igiyar da ake ɗorawa a sama ta yi ta zame masa, sai ya cusa ta a aljihu. To, a ƙasar nan, gajeriyar riga da dogon gemu da ƙyalle babu igiya, kowa ya san shigar manyan malamai ce.

Kakan amarya, Baba Usman, tsoho ne da ido ya yi wa rauni. Ya tashi da sandarsa yana cewa, "Masha Allah! Ahlan ya Shekh! Ku ba Malam wuri!" Ya so ya sumbaci kan Kabtin, ya ga tafiyar da nisa, ya haƙura da hannu. Ya ja shi har gaba ya zaunar, ya sa aka miƙa masa makirufo don ya yi wa ango da amarya addu'a. Dattawa suka ɗaga hannuwa.

Ni kuwa na fara neman ƙofar baya da ido.

Kabtin ya dubi makirufo, ya dubi hannuwan jama'a, ya gane. Ya yi dariya, ya ce da guntun Larabcinsa shi ba malami ba ne, ɗan ƙwallo ne da ya tsufa, amma yana yi wa Abdurrahman fatan alheri domin yaron kirki ne. Da ya tsaya nan da na tsira. Sai ya kama gefen rigar ya ɗaga, ya ce kyautar ango ce, babban tela ne ya ɗinka ta ba tare da ya ko auna shi ba.

"Wen Kawu? Kawu, ta'al!" in ji shi, wato ina Kawu, in zo.

Zauren gaba ɗaya ya juyo. Mutanen da na ce su jira su ga aiki su ne suka nuna ni da yatsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar jama'a ce ta fi ci na ba, fuskar Abdurrahman ce. Ya sunkuyar da kai a kujerar ango, kafaɗunsa suna rawa. Na ce shi ke nan, na sa yaro kuka ranar aurensa.

Na je gaba, na fara ba da haƙuri. Kabtin ya dafa kafaɗata, ya yi magana, Abdurrahman ya ɗago zai fassara, sai na ga ashe dariya ce ta hana shi numfashi.

"Kawu, ya ce tun yana yaro babu abin da ya taɓa yi masa daidai, ko gado ko wando. Mahaifiyarsa ce take ƙara masa ƙyalle a ƙafar wando, kala daban. Ya ce da ya sa rigar nan ita ya tuna, kuma ba zai cire ba sai an tashi."

Bai cire ba kuwa. Da ita ya shiga fili ya yi rawar sanda, ƙwaurinsa a waje, Baba Usman yana tambayar wane irin malami ne wannan. Kafin a kawo shinkafa, hotonsa ya isa ɓangaren mata, Yaya, uwar ango, ta kira ni a waya ta wanke ni tas.

Bayan biki ya zo shago da kansa, na ari tsani a wurin mai gyaran lantarki na hau na auna shi, rabin titi suna kallo suna ba ni shawara. Tun daga ranar, ko jariri aka kawo mini a goye, sai na ce a sauke shi ya tsaya.