Lemon da na haɗa wa bikin Hadiza

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hadiza ba. Har yau in na tuna sai na ji gumi yana tsattsafo min a ƙeya, ko da kuwa a gindin fanka nake zaune.

A lokacin ban fi shekara biyu da fara koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu ba, can gaba da Dawakin Tofa. In faɗa muku gaskiya, kaina ya kumbura. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba. In Inna ta ce hadari ya haɗu, sai na tsaya ina yi mata bayanin yadda tururi ke tashi ya zama gajimare (matar da tun kafin a haife ni take gane ruwan shuka da ido). Mutanen gari Ticha suke ce min, ni kuma ina amsawa da ƙasaita kamar an ce Farfesa.

Da aka sa ranar biki, sai aka zauna a tsakar gida ana rabon aiki. Baba da 'yan'uwansa za su ji da goro da alawa, Inna da ƙawayenta za su yi waina da zoɓo. Nan na yi gyaran murya.

"Zoɓo kuma, Inna? Kowane biki zoɓo, kowane suna zoɓo. Dangin angon nan fa har daga birni wasu za su zo. Ku bar min abin sha. Lemon citta zan haɗa mai gas, irin wanda in ka buɗe zai ce tsss."

Baba ya dube ni ya ce, "Ka iya?"

Na ce, "Baba, ai abin da na karanta ke nan."

Ƙarya nake yi. A waya na gani. Wani Bature ne mai jan gemu yake haɗawa a garejin gidansa, yana magana ta hanci da sauri kamar ana korarsa. Rabin abin da yake faɗa ban ji ba. Akwai wata kalma da yake ta maimaitawa wadda ya kamata ta tayar min da hankali, amma na ce wa kaina ai Turawa kowane abin sha haka suke kiransa. Ni dai kumfar da na gani a kofinsa ce ta tafi da imanina.

Kayan aiki kuwa ba ƙaramin fama na sha ba kafin na haɗa su. Na samo jarka biyu manya na wanke su da ruwan zafi har sau uku. Na ari farin tiyo a wurin Iliya birkila, irin wanda magina ke gwada lebur da shi. Na huda murfin kowace jarka da ƙusa mai zafi, na cusa tiyon, na liƙe gefen da kyandir, ɗaya bakin kuma na tsoma shi a gorar ruwa don iska ta riƙa fita amma kada ta shiga. Na yanki sabon gidan sauro na yi mataci, na sayi mazurari. Ma'aunin zafi kuwa daga kabad ɗin makaranta na ɗauko shi, wanda tun da aka kawo shi ba wanda ya taɓa cire shi daga kwalinsa. Sai babbar tukunyar Inna ta dafa shinkafar suna, da muciyarta, waɗanda ta ba ni tana harara.

Baturen da wani hatsi nasu ya yi amfani, wanda ba mu da shi. Na ce ai dawa ma hatsi ce. Na jiƙa ta, na baza a kan buhu na lulluɓe har ta fito da tsiro, na shanya, na kai inji. Mai injin ya damƙi kaɗan ya shinshina, ya dube ni ta gefen ido.

"Ticha, me za a yi da tsiro mai yawa haka?"

Na ce, "Bincike."

Na ga yana murmushi. Na ɗauka girmamawa ce.

Na dafa, na tace, na zuba citta da kanumfari da sukari, na tsoma ma'aunin zafi ina dubawa ina gyaɗa kai don yaran gida su ga aiki. Da ya huce na zuba yis ɗin da na karɓo a gidan burodi, na rufe jarkokin na kai ɗakin ajiya kusa da rumbu. Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai, a wannan zafin ko kunu ne ya kwana biyu a rufe ai ya juya."

Na ce, "Inna, juyawar ake nema."

(A nan ne abin ya fi ba ni kunya. Ni da hannuna na taɓa rubuta wa 'yan aji uku a allo cewa yis in ya ci sukari abu biyu yake fitarwa. Na riƙe na farko, wato iskar gas. Na biyun kuwa sai ka ce ba ni na koyar ba.)

Kwana goma jarkokin nan suna ɓul, ɓul, ɓul a cikin gorar ruwa. Kullum in na dawo daga makaranta sai na tsuguna ina saurare kamar mai jiran haihuwa. Baba ya taɓa tambaya ko gwanda ce ta ruɓe a ɗakin, na ce ƙamshin aikin ne. Ni tun da nake ban san warin giya ba balle ɗanɗanonta, to da me zan gane? Ana saura kwana uku biki na ɗura a gorunan roba guda arba'in. Na ɗan lasa na ji tsami-tsami da ɗaci, sai na ƙara wa kowace gora cokalin sukari na ɗaure murfi tam. Ranar biki gorunan sun yi tauri kamar dutse.

Aka ɗaura aure da hantsi a ƙofar masallaci, manya suka dawo soron gidanmu aka baza tabarmi. Ga Liman, ga mai unguwa, ga Baba, ga waliyyin ango. Ga Alhaji Sabo dillalin shanu, aminin Baba, wanda ya taho tun daga Shanono a kan babur cikin rana. Can gefe kuma wani tsoho ne daga dangin ango, dogo siriri, tsohon soja, ana ce masa Baba Kofur.

Na shigo cikin farar shadda, ina riƙe da kula cike da ƙanƙara. Na murɗe gorar farko. Ba tsss ta ce ba, fashewa ta yi kamar tayar mota. Kumfa ta yi tsiri har rufin soro, ta sauko a kan babbar rigar mai unguwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alamar inganci ke nan."

Na bi kowa da kofi, har da ɗan jawabi. Na ce wannan ba na kanti ba ne, da hannuna na haɗa shi daga dawar gonarmu, kuma in Allah ya yarda nan gaba ƙauyen nan zai yi suna da shi. (Wannan addu'ar kam an amsa.)

Alhaji Sabo da ƙishi ya kama bai tsaya jin jawabi ba. Ya kafa kai ya shanye, ya yi gyatsa, ya miƙo kofi. "Ƙaro, ɗana. Yana da yaji-yaji." Na ƙara masa ina jin kaina a sama.

Liman ya yi bismilla ya kurɓa. Na ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya tashi a hankali, ya leƙa waje ya tofar, ya dawo ya zauna. Soron ya yi tsit. Wasu dattawa na ga sun kai kofi hanci, sun ajiye shi a hankali, kowa ya ɗaga kai yana kallon azara. Sai daga baya na gane abin da ke faruwa. Akwai aƙalla mutum huɗu a wurin da suka gane ko mene ne tun daga wari, amma kowa ya san wanda ya fara faɗa za a tambaye shi inda ya sani.

Baba Kofur ne ya ɗaga kofinsa wajen haske, ya ɗan girgiza, ya shinshina.

"Yaro, da dawa ka yi?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Ka bar ta ta yi tsiro?"

"Sosai ma." Har da ɗan murmushi, na zaci na samu wanda ya san darajar ilimi.

"Kwana nawa a rufe?"

"Yau sha uku."

Ya gyaɗa kai ya ajiye kofin. "To jama'a, kowa ya san na yi soja, na zauna a bariki, kuma na tuba tun gashin kaina yana baƙi. Amma hancina bai manta ba. Wannan burukutu ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma tsakani da Allah ban taɓa ganin wadda aka tace da kyau haka ba."

Salati ya kaure. Alhaji Sabo ya dubi kofin da ke hannunsa, ya dubi Liman, idonsa ya yi ja.

"Malam, biyu na sha. Biyu! Ni da na je Makka!"

Ya zabura waje yana cusa yatsa a maƙogwaro. Baba kuwa ya juyo gare ni. Kallo ɗaya ya yi min, na gwammace a ce mari ne.

Kafin in ƙifta ido labari ya shiga cikin gida. Guɗar da ake yi ta tsaya. Na jiyo kukan Hadiza daga ɗaki, na kuma jiyo wata gwaggon ango tana cewa, "Ashe gidan da za mu ɗauki amarya ke nan?" A nan ne na gane ba kunyata kaɗai ba ce, auren yarinyar nan nake shirin ɓatawa tun bai yi awa biyu ba.

Mai unguwa, da kumfa a kafaɗarsa, ya ce a fito da kayan aikin. Aka jera su a ƙofar gida kamar kayan da aka kama a hannun ɓarawo, jama'a suka yi da'ira. Iliya birkila ya hango tiyonsa ya ɗaga hannu sama. "Wallahi ni lebur ya ce min zai gwada!" (Ban taɓa cewa haka ba, amma ban ga laifinsa ba.) Shugaban makarantarmu, wanda ni na gayyace shi da kaina, ya sunkuya ya ɗauki ma'aunin zafi, ya goge shi da gefen riga, ya sa a aljihu, ya ce in same shi a ofis ranar Litinin.

Na yi ta rantsuwa cewa lemo na yi niyya, ba mai saurarena. Sai ga Inna ta fito bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Allah gafarta Malam, a ba ni dama in yi magana ɗaya. Yaron nan ni na haife shi. Wallahi ba mashayi ba ne. Wawa ne kawai."

A rayuwata ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Waliyyin ango ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka biyo. Liman ya ce tun da ba da niyya aka yi ba, wanda ya sha bai sani ba babu komai a kansa, ni kuma in nemi gafara, in zubar da shi duka, a wanke kayan. Waliyyin ya ce su dai amaryarsu suna so, amma don Allah a taimaka musu da ruwan randa. Inna ta ce ba sai an kai ga haka ba. Ashe tun asuba ta sa an dafa zoɓo a gidan maƙwabta, don ba ta taɓa yarda da ni ba.

Ni kuwa aka ba ni fartanya na haƙa rami a bayan gida, cikin farar shaddata. Gora talatin da wani abu na buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowace tana feshe ni, jama'a suna tsaye suna kallo. Hadiza ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata.

Bayan kamar sati uku, wani mutum da ban sani ba ya tsayar da babur a ƙofar makaranta lokacin tara, wato hutun safe. Ya ja ni gefe, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kai ne Tichan nan? Abin nan da ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Amma yis ɗin, cokali nawa ka sa? Don in san yadda zan guje masa ne."

Kafin ƙarshen zangon karatu mutum biyar ne suka zo min da wannan tambayar, kowannensu don ya guje masa. Biyu daga ciki suna sahun gaba a masu salati ranar bikin.

Abin da na koya shi ne, a garinmu in za ka yi abin kunya, to ka yi shi ba daɗi. In ka kuskura ya yi kyau, masu tsine maka da rana su ne za su hana ka shan iska lokacin tara.