Ranar da Na Mayar da Anko Toka

Ana saura mako guda bikin 'yar yayata a Jambutu, ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto a Garwa ta sa gasar monokrom, wato hoto mai launi ɗaya tak. Na ɗauki abin da zafi. Na saita kyamarata a kan baƙi da fari, ina ta gaya wa mutane cewa launi hayaniya ne kawai, gwani haske da inuwa yake kallo.

Ranar biki Yaya Hajara ta ce, "Kai ne mai hoto, kada ka ba ni kunya." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Wata biyu matan gidanmu suka yi suna gardama kafin su tsayar da anko kore shar, don su fita daban da dangin ango na Gider, masu ja. Ina ganin allon kyamarar babu launi, amma na ce a raina daga baya zan maido shi. Ashe ba ya dawowa.

Washegari mata suka kewaye ni a tsakar gida, ina nuna musu hotuna. Ja da kore duk sun koma toka iri ɗaya. Goggo Asabe ta matso da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ɗan nan, su wane ne mu a nan?"

Gasar kuwa wani ya cinye ta da hoton ganyen mangwaro, kore zalla.

Har yau in za a zaɓi anko, Yaya takan ce, "Ku fara tambaya ko Malam Toka zai zo, kada mu wahalar da kanmu."