Rasuwar Iya, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a gefe, Injiniyan sashen binciken sinadarai yake sanar da rasuwar Iya, tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin teburinsa, ranar Laraba kafin azahar, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san ta ba, a cikinta shafin intanet na sashen yake zaune. A da, mai son babbar kwamfutar cibiya ta gwada masa yadda magani ke manne wa furotin sai ya rubuta umarni layi arba'in a baƙin allo, ya kuskure harafi ɗaya, ya yi asarar kwana uku. Injiniya ya gina shafi mai akwatuna huɗu da koren maɓalli, Iya ta goya shi. Daga nan har Farfesan sashen, mai buga rubutu da yatsa ɗaya, ya zama gwani.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha shuri, ta ɗumama kofunan shayi, ba ta taɓa kai ƙara ba. Gaisuwarta da safe "ƙirr-ƙirr", in aiki ya tafi kuma ta ce "fiii".

Ciwon ajalinta ya zo a mummunan lokaci. Ƙarfe goma sha biyu damar sashen a babbar kwamfuta za ta ƙare sai baɗi, ga Malama mai neman digirin digirgir da aikin shekara uku ba ta tura ba. Saura minti ashirin Iya ta fara tari. Injiniya, da ya shekara huɗu yana cewa mako mai zuwa zai mayar da shafin sabon gida, ya durƙusa yana yi mata fifita da fayil, tsoro ya cika shi. Malama ta danna kore. Minti bakwai ba mai ƙwaƙƙwaran numfashi. Sai aka ji "fiii", aikin ya shiga layi, Iya ta cika.

Bincike ya nuna zafi ne ya kashe ta. Mutanen da ke lissafin zafin ƙwayoyin da ido ba ya gani, ba wanda ya taɓa taɓa goshinta. Wata takarda da aka manna mata mai cewa "KADA A KASHE" ce ta toshe mata kafar iska, kuma Injiniya ya gane rubutunsa.

Ta bar linzamin kwamfuta ɗaya, allo mai ƙyafta ido, wayoyi uku da ba a san inda suka nufa ba, da daktoci goma sha tara, ta ashirin na hanya.

Za a kai ta ɗakin ajiya ranar Juma'a da hantsi. Malama ce za ta riƙe gaba, Farfesa baya. An yafe wa Injiniya ɗauka, da sharaɗin shi zai ɓare takardar da hannunsa.